Yaron da Baba Ɗayyabu Bai Gani Ba

Aikin farko da na samu bayan na gama makarantar koyon aikin lafiya aikin ƙarya ne, kuma da takarda aka ɗauke ni. Wata ƙungiya ce mai ofis a Dutse ta tara masu kemis na garuruwanmu, ta yi kwana uku tana koya musu yadda za su sayar da magani ba tare da sun cuci mara lafiya ba. Da aka gama aka ba kowa koren tambari ya liƙa a ƙofar shagonsa. Bayan wata shida sai ƙungiyar ta so ta san ko karatun ya zauna, ko kuwa shinkafar taron kawai aka ci aka watse. Shi ne aka ɗauke mu, mu mata huɗu, mu riƙa shiga shaguna kamar masu sayen magani.

Hajiya Zara ce shugabarmu, ƙwararriyar mai haɗa magunguna ce, kuma ba ta da wasa. Ita ta haddatar da mu abin da za mu faɗa, kamar 'yan makarantar allo. Zan shiga in yi sallama in ce, "Yarona ne yake gudawa tun jiya, a ba ni magani." Daga nan in ja bakina in yi shiru. In an tambaye ni shekarunsa, biyu. In an tambayi sau nawa, sau huɗu. Babu jini, babu zazzaɓi, yana shan ruwa amma ba ya son abinci. In ba a tambaya ba, ba zan faɗa ba. Duk abin da aka ba ni in karɓa, in fito, in samu inuwa in cika fom a waya tun ban manta ba.

Abin da ake so mai kemis ya yi ba shi da wuya. Ya yi tambayoyin nan, ya ba da garin gishiri da sukari na leda wanda ake damawa a ruwa, ya haɗa da ƙwayar zinki ta kwana goma, ya faɗa wa uwa alamomin da in ta gani ta ruga asibiti. Tambayoyin makinsu kaɗan ne. Gishiri da sukarin da zinkin su ne suka kwashe fiye da rabin makin. Duk shagon da bai kai rabi ba za a ɓanɓare masa tambari, babban dillalin da ke kai wa masu tambari magani mai kyau ya daina kai masa, a kuma miƙa sunansa ga masu ba da lasisi. Matashin da ke cikin Dutse zai iya yin buga-bugarsa ya farfaɗo. Na ƙauye kuwa, in aka yi masa haka, to kulle shago ne kawai.

A mako biyun farko na shiga shago talatin da wani abu, kuma na ga abin da ya ishe ni. Wani ko ɗago kai bai yi ba, yana kallon ƙwallo a waya ya miƙo min kafso ja da ruwan ɗorawa. Wani ya sa almakashi ya yanko ƙwaya biyu nan, uku can, ya zuba a farar leda ya ƙulle, ya ce haɗi ne na musamman, a ba yaro rabi-rabi. Na tambaye shi sunan maganin, ya ce, "Ke dai ki ba shi, Hajiya." Wani kuma a kusa da tashar Ringim ya yi komai daidai, har ya nuna min yawan ruwan da zan dama garin a ciki da robar lemo, na fito ina jin daɗi kamar ni na haife shi. Amma gaskiya na fi fitowa da haushi. Ina rubuta musu sifili ba tare da ko ɗar ba, don na san da yaron gaske ne, da wasunsu sun kai shi kushewa.

Ranar wata Litinin abokiyar aikina Afra'u ta kwanta zazzaɓi, aka miƙo min jerin shagunanta. Na bi sunayen da ido, sai na tsaya a na shida: Ɗayyabu Kemis, Kukar Ladan.

A Kukar Ladan aka haife ni. Ƙauye ne tsakanin Taura da Ringim, sai an sauka daga kwalta an yi tafiya a burji. Babana, Malam Muslim, shi ne hedimastan firamaren garin har na kai shekara goma, sannan aka mayar da shi Dutse. Baba Ɗayyabu amininsa ne. Shi ya cire min ƙaya a ƙafa, shi ya ɗaure min goshi ranar da na faɗo daga kan amalanke. Ka'idar aikin ita ce ba a tura mutum inda aka san shi, don haka na je na faɗa wa Hajiya Zara.

"Shekara nawa rabonki da garin?"

"Goma sha huɗu, Hajiya."

"To wa zai gane ki? Sa niƙabi ki je. Juma'a za mu rufe wannan zagayen, ba ni da wata da zan tura."

Ban yi musu ba, kuma ba biyayya ce ta hana ni ba. Tsoro nake ji masa. A raina na riga na yanke cewa tsoho ɗan shekara saba'in, wanda ya fara sayar da magani tun a kan tire, ba zai wuce haɗi da almakashi ba. Na ce gara ni in je. Me zan iya yi masa in ya faɗi, ban sani ba, amma dai gara ni.

Laraba da hantsi direbanmu Malam Sani ya ajiye ni a gindin wata tsamiya a bakin garin, yadda ba wanda zai ga motar ofis. Bazara ce, ranar nan kamar ta sauko ƙasa, ni kuma ga niƙabi ga safa. Na taka har bakin kasuwa. Shagon yana nan inda na san shi, sai dai an yi masa siminti, ga koren tambarin a ƙofa an goge shi tas. Ciki kuwa ya ba ni mamaki. Magunguna a jere, na yara daban, na manya daban, an sa labule ya tare rana daga kanta. Shi kuma yana zaune a kan benci, ya tsufa, gemun ya yi fari fat, gilashinsa an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare.

Na yi sallama, na ƙanƙance murya na karanto haddata.

Ya amsa, ya gyara zama. "Subhanallahi. Shekararsa nawa?"

"Biyu."

"Sau nawa ya yi daga jiya zuwa yanzu?"

"Sau huɗu."

"Da jini ko majina?"

"Babu."

"Jikinsa da zafi? Yana amai? In an ba shi ruwa yana karɓa, ko yana kawar da kai? Ya yi fitsari da safen nan?"

Ta fitsarin nan ko a fom ɗinmu babu ita. Na ce ya yi. Cikin niƙabi murmushi nake, ina lissafa masa maki, ina jin kunyar zaton da na yi masa. Na ga ya miƙa hannu ya ɗauko ledar gishiri da sukari guda uku da katin zinki. Na ce a raina, shi ke nan, Baba ya haye. Na miƙa hannu in karɓa.

Sai ya zura su a aljihun rigarsa.

"Ina yaron?"

"Yana gida."

"Gidan wa?"

Wannan tambayar babu wanda ya shirya mu a kanta, don waɗanda suka rubuta haddar a birni suka rubuta ta, inda mai shago bai san maƙwabcinsa ba. Na ce ni baƙuwa ce, biki muka zo.

"Biki?" Ya leƙo ni ta saman gilashi. "Baiwar Allah, makon nan babu biki a Kukar Ladan. Suna ɗaya aka yi, gidan Sarkin Aska, shi ma shekaranjiya aka watse."

Na ce wucewa muke daga Taura, motarmu ce ta tsaya a bakin gari, yaron yana can wajen ƙanwata. Ƙarya ta biyu ke nan da ba ta cikin takarda, kuma ita ce ta kashe ni.

"Yauwa, ashe ma kusa ne," in ji shi. Ya ɗauki hularsa, ya ɗauki sanda, ya ɗauki kwaɗo. "Mu je in gan shi."

"Baba, ba sai ka wahala ba, ka ba ni kawai in kai masa."

"Ni ba na ba da maganin yaron da ban gani ba. Babba in ya aiko, ya san jikinsa. Yaro kuwa sai na duba idonsa, na ja fatar cikinsa na ga yadda take komawa. Mu je, rana tana yi."

Ya fito ya datse shagon. Wani mutum ya zo sayen man zafi, Baba ya ce masa ya jira, yanzu zai dawo. Mutumin ya samu dakali ya zauna ba tare da ya tambayi dalili ba, da ganin haka ka san ya saba.

Haka muka kama hanya, ni a gaba, tsoho a baya yana ɗingishi, za mu duba yaron da babu shi a duniya. Ban taɓa jin tafiya mai tsawo irin wannan ba. Zufa tana bin bayana, ina ta neman dabara, babu. In na gudu, na zama mahaukaciya. In na tsaya, me zan ce? Muka wuce masallaci, muka wuce firamare, ajinmu na nan da tagar da ta ɓalle tun muna nan. Ban san na rage tafiya ina kallon gidan hedimasta ba sai da na ji sandar ta daina ƙara a bayana.

"Ke," ya ce. "Tsaya."

Na tsaya.

"Baƙuwa ba ta bin lungun nan, ba ta san yana ɓullewa ba. Kuma muryar nan tun ɗazu take min yawo a ka. Ba Mashkura ba ce, ta Malam Muslim?"

Na durƙusa a wajen. "Ni ce, Baba. Ina kwana."

Murnar da ya yi ita ta fi komai ci min rai. Ya yi ta hamdala, ya tambayi Babanmu, ya tambayi Innarmu, ya tambayi yayyena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan fuskarsa ta canja.

"Amma Malam bai kyauta min ba. A aurar da ke, har ki haihu, har yaro ya shekara biyu, ko goro ɗaya ban gani ba? Ni da na yi miki huɗuba ranar da yake Kano wajen taro? To, ba komai. Mu je in ga jikana, ya sunansa?"

"Baba, ban yi aure ba."

Na ga tunaninsa ya tafi wani waje da ya fi muni, sai na yi sauri na ƙarasa. "Babu yaron ma gaba ɗaya. Aiki ne. Mutanen tambari ne suka turo ni in gwada ka."

Akwai wani kututture a gindin darbejiya kusa da makarantar, ya je ya zauna a kai. Ya cire gilashin ya goge da bakin riga. Na yi zaton faɗa zai yi, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi.

"Alhamdu lillahi da babu yaron," ya ce. "To, na ci ko na faɗi?"

Na ɗage niƙabin, na zauna a ƙasa na yi masa bayani. Tambayoyinsa duk sun yi. Amma fom ɗin tambaya yake, an ba ki gishiri da sukari, e ko a'a. An ba ki zinki, e ko a'a. Ni kuma ba a ba ni ba.

"Ga su a aljihuna."

"A aljihunka suke, Baba. Babu gurbin aljihu a fom ɗin."

Nan ya ba ni labarin da ban sani ba, don bayan tashinmu ya faru. Wani magidanci daga wani ƙauye ya zo masa da magana irin tawa sak, yaro yana gudawa tun jiya, ba wani abu ba ne. Ya ba shi magani ya tafi. Ashe kwana huɗu yaron ya yi, uban bai sani ba don yana gona, abin da aka faɗa masa a ƙofar ɗaki shi ya kawo. Kwana biyu bayan nan Baba Ɗayyabu ya je gaisuwar rasuwar yaron. Matan gidan suka ce tun ranar idon yaron ya faɗa ciki, ko kuka ba ya yi da hawaye.

"Da na gan shi, minti ɗaya ya isa in ce a ɗauke shi sai asibiti," ya ce. "Uban bai yi min ƙarya ba. Bai sani ba ne. Tun ranar na ce ƙafata ba ta fi ran ɗan mutane ba."

Bai faɗe shi da wata murya ta daban ba, kamar yana faɗar farashin gero. Ni ce hawaye ya zo min, kuma na ji haushin kaina, don ba ni da hurumin kuka a wajen.

Na ce masa tunda ya gane ni, ziyarar tawa ta rushe, ba za a ƙirga ta ba. Za a sake turo wata, ban san ranar ba, ban san wace ce ba. Daga nan na yi abin da aka hana mu yi da babbar murya.

"Baba, don Allah in ta zo, ka ba ta kawai. Baƙuwa ce za ta zo da magana irin tawa. Ka yi tambayoyinka, ka miƙa mata maganin, ka yi mata bayani, ta tafi. Sau ɗaya ne. In aka cire tambarin nan, shagon ya tafi, kuma garin nan ba su da wani."

Ya kalli sandarsa. "Shekara arba'in da ɗaya ina wannan sana'a," ya ce. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Ya karɓi lambata ya rubuta a bayan kwalin magani, ya ce in gaida Malam, ya juya don mai man zafi yana jira.

Washegari na shiga ofishin Hajiya Zara da zafina. Na faɗa mata duk abin da ya faru, ban da shawarar da na ba shi. Na ce fom ɗinmu makaho ne. Wanda ya miƙo leda yana kallon ƙwallo zai iya fin wanda ya kulle shago ya bi uwa a rana maki, in dai ledar ta dace.

Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Kin gama? To saurara. Gishiri da sukari ba ya cutar da kowa. Uwar da ta zo daga nesa, ko wadda mijinta bai yarda wani namiji ya shiga gidansa ba, in ya ce sai ya ga yaro, me za ta yi? Za ta wuce wajen mai tallan magani a kasuwa ya ba ta kafso. Ya ba ta maganin tukuna, sannan ya bi ta in yana so. Tsohonki mutumin kirki ne, amma ba shi da gaskiya duka."

Ita ma tana da tata gaskiyar. Na ce, "Amma Hajiya, wannan ne za a rufe wa shago?"

"Ban ce ba. Rubuto min abin da ya faru, shafi ɗaya, ban da tsiwa. Zan kai taron masu aikin."

Na rubuta sau uku kafin tsiwar ta fita. Bayan kusan mako biyu ta kira ni. An yi gardama sosai, in ji ta, amma an amince. Za a ƙara gurbi a fom: mai kemis ya nemi ganin mara lafiya. Wanda ya yi haka kuma yana da maganin da ya dace a hannu, an ba shi makin. Baba Ɗayyabu ya haye da ziyarar da na yi, ba za a sake tura kowa Kukar Ladan ba. A zagayen horo na gaba ma za a gayyace shi ya nuna wa matasa yadda ake duba yaron da ruwa ya ƙare a jikinsa, a kuma ja masa kunne ya riƙa ba da gishiri da sukarin tun a shago.

"Amma ki kama bakinki," ta ce. "Sai takardu sun fita ƙarshen wata kowa ya ji nasa. Ba na son a ce mun fifita wani."

Na ce to. Na fito kamar in yi rawa a baranda. Kuma na kama bakin nawa, ni da ban kama shi ba a gindin darbejiya. Na faɗa wa kaina bin doka nake. Gaskiyar ita ce kunyar kiransa nake ji, kuma ina son takardar ta isa gare shi da hatimi, ya buɗe ya ga abin da 'yar Malam ta yi masa. Kwana goma sha biyu ne kawai suka rage, na ce ai ba wani abu ba ne.

Ranar Talata da azahar, saura kwana biyar takardu su fita, ina cikin cin ɗanwake a ofis wayata ta yi ƙara. Lamba ce da ban sani ba.

"Mashkura? Ɗayyabu ne."

Na ajiye cokali na gaishe shi. Ya amsa a gajarce, abin da ba halinsa ba.

"Taku ta zo jiya, ranar kasuwa. Na yi yadda kika ce."

Na miƙe tsaye. "Wace ce, Baba?"

"Baƙuwa, ta rufe fuska da mayafi. Ta ce ɗanta yana gudawa tun jiya, shekararsa biyu. Na yi tambayoyin. Na ba ta leda uku da zinki, na nuna mata yadda ake damawa. Ban ce ta kai ni ba." Ya ja numfashi. "Sai dai tun da ta fita raina bai kwanta ba. Da na tambaye ta fitsari, ta tsaya tana tunani, ta ce ba ta lura ba. Ke da na tambaye ki, nan take kika amsa. Kuma Hausarta akwai Fillanci a ciki. Shi ne na ce bari in tambaya. Kuna da Bafillatana a cikinku?"

Mu huɗu ne, kuma jiya duk muna ofis muna shigar da sakamako. Afra'u ma ga ta nan a gabana tana shan ruwa.

Zan iya cewa e. Kalma ɗaya ce, ya samu barci, ni ma in samu. Wata guda na yi ina ƙarya ana biyana, kuma ban taɓa jin nauyinta ba. Amma na tuna cewa wannan karon akwai yaron.

"Ba tamu ba ce, Baba. Ba a turo kowa ba. Ba za a ma turo ba, ka riga ka haye tun makon jiya. Ni ce ban faɗa maka ba."



"Tun makon jiya," ya ce.

"Baba, ka yafe min. Amma maganin da ka ba ta shi ne daidai, wallahi shi ne. Yawancin yara da shi suke warkewa. In sha Allahu yana nan lafiya."

"In sha Allahu," ya ce. "Amma ban gan shi ba."

Na ji motsi, na ji ƙarar ƙofar langa-langa, na ji kwaɗo ya datsu. Yana magana da wani a gefe, yana tambaya ko akwai mai babur da ya san rugagen da suka sauka ta gabas, wajen fadama. Mutumin ya ce rugage sun kai bakwai a can, wasu ma sun fara tashi saboda ruwa ya kusa.

"To mu fara da ta kusa," in ji Baba Ɗayyabu. Sannan ya dawo kaina. "Ko sunanta ban tambaya ba, Mashkura. Na ɗauka ba ta da shi."

Wayar ta katse. Afra'u ta tambaye ni ko lafiya. Na ɗauki jakata na fita neman Malam Sani, aka ce ya kai Hajiya banki da motar. Sai na tari mai adaidaita na ce ya kai ni tashar Ringim.